Neman suna: ciwon zuciyar da firgici ke haddasawa

'Yar Rediyo: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiya, har yanzu ban samu sunan Hausa da zan kira ciwon zuciyar da likitoci ke kira takotsubo ba. Mutum ya ji mummunan labari, ƙirji ya riƙe, a kai shi asibiti ana zaton bugun zuciya ne, a duba hanyoyin jini a tarar babu toshewa. Kusan 9 cikin 10 mata ne, yawanci waɗanda suka daina al'ada. Su nake so su gane.

Bakatsine: Karyewar zuciya.

Malamin Hausa: A'a. Karayar zuciya a wurinmu sarewa ce, ba ciwo ba. Muna da namu: haɗiyar zuciya. Tun kakanni ake cewa wance ta haɗiyi zuciya.

Likita: Allah ya gafarta Malam, ta yi kusa, amma haɗiyar zuciya mutuwa take nunawa, alhali yawancin masu wannan ciwo suna warkewa cikin makonni. Kuma ba baƙin ciki kaɗai ba: tiyata, zubar jini a ƙwaƙwalwa, har farin cikin ba-zata suna kawo shi. Daga ƙwaƙwalwa abin yake tashi. Jijiyoyin da ke sa gaba ya faɗi in an firgita suna zuba sinadarin noradiranalin cikin tsokar zuciya, halittar da ke bisan ƙoda kuma ta ƙaro sinadarin adiranalin ta jini. In suka yi yawa sai gindin ɗakin hagu na zuciya ya daina matsewa ya kumbura, wuyansa ya tsuke. A 1990 likitocin Hiroshima ta ƙasar Japan suka bayyana shi, suka ba shi sunan tukunyar da masuntansu ke kama wata dabbar teku mai hannu takwas.

Ɗan Damagaram: To ai shi ke nan. Su sun ce tukunya, mu mu ce tulu: ciki faɗi, wuya siriri. Zuciyar tulu!

Malamin Hausa: Wace tsohuwa ta taɓa ganin hoton zuciyarta? Sunan likitoci ne wannan.

Ɗan Damagaram: Komai muka kawo daga Nijar sai ku ture shi. Kullum Kano ce ke yanke hukunci. Zuciyar tulu tana da daɗin faɗa, kuma za ta zauna.

Bakatsine: Ba Kano ba ce matsalar. Likitocinmu ne ke jin kunyar faɗin ciwo da Hausa.

Likita: Ba kunya ba ce, Yallaɓai. Ka duba jijiya: da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran mai kai saƙo. A wannan ciwo hanyar jinin lafiya lau take, mai kai saƙon ce ta yi ɓarnar. In ba a bambanta ba, an ɓatar da mai sauraro.

'Yar Rediyo: Don Allah a dawo, dare na yi. In ce jijiyoyin saƙo?

Likita: Ya yi. Ciwon kuma ki ce sumar tsokar zuciya saboda firgici. Ki jaddada cewa duk mai ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi a garzaya da ita asibiti, don a gida ba a bambanta shi da bugun zuciya, kuma yana iya kisa.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, amma na yarda, in za ki buɗe shirin da haɗiyar zuciya.

Ɗan Damagaram: Ni ban janye tulu ba.

'Yar Rediyo: Zan ambace shi wurin bayanin siffa. Na gode, Allah ya saka.