Fitilar zenon ta majigi ta ƙi kamawa

Mai Kula da Majigi:
Assalamu alaikum. Majiginmu na fim yana aiki da fitilar zenon (ƙwan fitila mai ɗauke da iskar gas ta zenon) mai kilowat 2, kuma idan aka kunna ana jin ƙarar tartsatsi daga na'urar kunnawa, amma fitilar ba ta kamawa sai bayan an maimaita. Ina neman shawarar masana kafin mu sayi sabon ƙwai.

Tsohon Makaniki:
Wa'alaikumus salam, Malam. Tunda ana jin tartsatsin, makullan kariya na ƙofa da na iska (masu hana fitilar kunnuwa idan ƙofa a buɗe take ko babu iskar sanyaya) suna aiki. Na'urar kunnawa tana harba gomman dubban bolt domin wutar ta tsallaka tsakanin bakunan ƙarfe biyu da ke cikin ƙwan, kuma wannan wuta tana bin hanya mafi kusa, don haka idan wayar da ke shiga ƙwan ta matsa kusa da madubi ko jikin akwatin fitilar, can za ta zube. Ku nemi baƙin tabo ko ƙuna a jikin wayar, ku kuma ɗaure duk mahaɗin da ya saki.

Injiniyan Lantarki:
Ina ƙara da cewa a auna abin da rektifaya (na'urar da ke juya wutar lantarki zuwa irin wadda fitilar ke aiki da ita) ke bayarwa kafin kunnawa, domin ana buƙatar kusan bolt 100, ko da yake fitilar tana aiki da ƙasa da 30 bayan ta kama. Ƙwan da ya tsufa ma yana wahalar kamawa saboda tazarar bakunansa ta ƙaru.

Tsohon Makaniki:
Don Allah, kada ku buɗe akwatin sai ƙwan ya huce, kuma ku sa kariyar fuska da safar hannu, saboda yana iya fashewa ko da ya huce.