Mazauna Riyad: yaya kuka kwana da kuɗin haya a unguwannin arewa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ina zaune a Yasmin, a ɗan ɗakin saman bene da Larabawa ke kira mulhaƙ. Da riyal dubu 18 na shiga, sabuntawar ƙarshe ta kai dubu 30. Ga kuɗin iyali da gwamnati ke karɓa daga baƙi ma'aikata, riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum, ni kuwa da mata da yara biyu. Tun da aka dakatar da ƙarin haya na shekara biyar a ranar 25 ga Satumba 2025 na samu barci. Ina so in ji yadda abin yake a wajenku.

Maman Aisha: Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Kai dokar ta same ka a ciki, mu kam ta zo ne bayan mun tattara. Muna Narjis, mai gida ya ƙara mana har sau biyu, muka koma Shifa a kudu. Ranar tashinmu 'yata ta riƙe ƙofar ɗaki tana kuka, don ƙawayenta na makarantar allo duk suna can. Yanzu maigidana da an sallame asuba yake fita, sai bayan isha'i muke ganinsa.

Direba Mai Haƙuri: Ni direban gida ne a Hittin, ɗakina na jikin ƙofar gida, gado ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki. Ban biyan haya, amma ina ganin yadda unguwar ke sauyawa. Da duk layinmu 'yan ƙasa ne, manyan gidaje masu katanga. Yanzu an cika gefenmu da benaye, masu shiga kuwa Turawa ne, Indiyawa, 'yan Labanan da matasan Saudiyya da aiki ya kawo daga Jidda ko Dammam. Tun 2024 da aka ce kamfanin waje ba zai samu kwangilar gwamnati ba sai ya kafa hedkwatar yankinsa a ƙasar, ma'aikatansu suke neman zama kusa da cibiyar kuɗi ta Sarki Abdullah. Wanda kamfani ke biya wa gida, ina ruwansa da ciniki?

Malam Na Manfuha: Gaskiya ne Direba. Ni jirgin ƙasa na cikin gari ne ya cece ni. Tun da aka buɗe shi a Disambar 2024, shuɗin layi nake hawa zuwa aiki a Ulayya da riyal 4.

Baban Khalifa, ka duba yarjejeniyarka tana cikin Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, kuwa? Wani ɗan uwanmu takardar hannu kawai yake da ita, da mai gida ya ce ya tashi, ba shi da abin nunawa. Wanda ke Ejar kuwa, ba a ƙin sabunta masa sai in bai biya ba, ko gini ya samu matsala, ko mai gida zai zauna da kansa ko ya zaunar da makusancinsa na jini.

Baban Khalifa: Tana ciki Malam, alhamdu lillahi. Maman Aisha, akwai mulhaƙ da za a bari a layinmu bayan Sallah. Tunda an taɓa ba da shi haya, doka ta ce a kan kuɗin hayarsa na ƙarshe za a bayar. Ki gaya wa maigidanki, in yana so in raka shi wajen dillalin.