Injin sassaƙa yana ba ni error:33 bayan an ɗauke wuta

Kafintan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, CNC 3018, manhajar da ke sarrafa shi GRBL 1.1 ce, da manhajar Candle nake tura masa aiki daga kwamfuta. Jiya ina sassaƙa dagin Arewa a kan allon shagon wani maiɗinki, aiki ya kai rabi NEPA suka yi halinsu. Na tayar da janareta, na zaɓi layi na 412 na umarnin aikin, inda ya tsaya, na ce ya ci gaba. Ko motsi bai yi ba, sai error:33. Layin shi ne G2 X41.250 Y18.700 I3.100 J-2.400. Katakon maɗaci ne, ba ni da wani, kuma Juma'a mai shi zai zo karɓa. Injin ne ya ƙone?

Danjuma Daura:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, lafiyarsa lau. G2 da G3 lanƙwasa suke zanawa, shi kuwa dagi kusan duk lanƙwasa ne. I da J suna nuna nisan cibiyar da'irar daga inda bakin injin yake tsaye a lokacin. Sai GRBL ya auna daga cibiya zuwa mafari, ya auna daga cibiya zuwa maƙura, in ba su zo ɗaya ba sai ya ƙi tafiya, ya ba da error:33. Kai kuma da wuta ta ɗauke ya manta inda yake, ya ɗauka nan ne sifili, wato wurin da yake faro awo. Kada ka taɓa faro aiki daga layin G2. Koma baya ka nemo layin G0 ko G1, masu tafiya a miƙe, mai X da Y duka, ka ɗaga Z, wato bakin injin, sama tukuna.

Kafintan Ƙofar Ƙaura:
Na gwada yallaɓai. Kuskuren ya tafi, amma ya nufi gefen katakon, da ƙyar na tsayar da shi.

Hajiya Mai Zane:
Ai sifilinka ne ya ɓata, ɗana. Maɓallin sifili na Candle umarnin G92 yake turawa, shi kuma ba ya zama in wuta ta yanke. Mayar da bakin injin zuwa kusurwar da ka faro da hannu, a hankali, ka sake saita sifili, sannan ka tura aikin tun daga layin farko da Z a sama ka ga ko yana bin tsohon sawu. Ɓata minti ashirin ya fi ɓata maɗaci. Nan gaba ka sa makunnan iyaka, masu sanar da injin ya kai ƙarshen hanyarsa, ka riƙa yin $H, umarnin da ke sa ya nemo mazauninsa da su, ka ajiye sifili da G10 L20 P1 X0 Y0 Z0. Wannan ko an kashe injin yana nan.

Danjuma Daura:
Gaskiyar Hajiya. Sai dai janareta kan sa makunnan nan su riƙa ba da ALARM:1, gargaɗin an taɓa iyaka, haka kawai, ka raba wayarsu da ta motar injin.

Kafintan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka. Ya bi sawu, saura ɗan kaucewa kamar rabin milimita a hannun dama. Sanfefa za ta cinye shi.