Maganin ozon na asma, gaskiya ne ko cin kuɗi?

Maman Hanif:
Salamu alaikum jama'a. Yarona shekararshi 9, tun yana ƙarami yake da fuka, da hunturu ya shigo Birnin Kebbi mun yi sallama da barci, ƙirjin nan sai kuka yake kamar kyanwa. Wata ƙawata ta turo min bidiyo a WhatsApp wai akwai inda ake maganin ozon a Abuja, a ɗebi jinin mutum a gauraya da iskar a mayar mishi, wai shi ke nan an rabu da inhela. Babanshi har ya fara zancen sai da buhunan shinkafa. Don Allah wa ya san abin ga?

Nas Jega:
Wa alaikumus salam Hajiya, kar a taɓa shinkafar nan. Ozon ɗin iskar oksijin ce mai ƙwaya uku maimakon biyu, ita ce warin nan da kike ji a shagon fotokofi in inji ya yi zafi. Ƙona hanyar numfashi take, mai lafiya ma in ya shaƙa sai ya yi tari balle mai asma, shi ya sa masu yin ba su bari a shaƙa sai ta jini ko ta dubura. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, guba ta kira ta, ta ce ba a san amfaninta a magani ba.

Ɗan Argungu:
Amma nas ai ana yi a Kuba da Jamus, su ma mahaukata ne?

Nas Jega:
Ana yi malam, amma har yau babu babban bincike da ya nuna tana maganin asma, kuma allura cikin jini ba wasan yara ba ce, iska ta shiga jijiya ana iya rasa rai. Hajiya wace kala ce inhelar tashi?

Maman Hanif:
Shuɗiya ce, Ventolin. Wani lokaci kullum sai ya shaƙa.

Nas Jega:
To nan matsalar take. Shuɗiya buɗe ƙirji kawai take in abin ya tashi, akwai ta rigakafi irin beclomethasone mai kashe kumburin ciki, safe da dare ko lafiyarshi ƙalau, ya kuskure baki bayan ya shaƙa. Ki kai shi asibiti likitan yara ya duba. Igiyar leƙo da turaren wuta kuma a fidda su ɗakinshi.

Maman Hanif:
Turaren wuta kuma? Ni ko kullum da magariba sai na turara ɗakin nan. Na gode nas, Litinin za mu je in sha Allah.