Ko ya kamata dogon ɗan ƙwallon kwando ya koyi jifan nesa?

A muhawarar da ake yi kan wannan tambaya, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun tafi a kan cewa jifan nesa, wato na maki uku, yana da amfani, amma da sharaɗi. Hujjarsu ta farko lissafi ce: wanda ke cin ɗaya cikin uku daga bayan layin maki uku, daidai yake da mai cin rabin jifansa a kusa, inda ci ke ba da maki biyu. Ta biyun ta fi nauyi a ganina. Idan dogo ya tsaya can waje, dole dogon abokan hamayya ya baro gindin kwando ya biyo shi, sai hanya ta buɗe wa masu kutsawa. Dogon ɗan wasa Brook Lopez misali ne: sai a kakar 2016-17 ya fara jifan nesa gadan-gadan, kuma filin da yake buɗe wa abokin wasansa Giannis Antetokounmpo ya taimaki ƙungiyarsu ta Milwaukee ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2021.

Masu adawa da wannan ra'ayi sun ce wanda ya fita waje ba zai cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando ba, kuma in ba ya ci, ba mai bin sa. Sun tuna cewa shahararren dogon ɗan wasa Shaquille O'Neal sau ɗaya tak ya ci jifan maki uku a NBA, bai kuma hana shi kofi 4 ba.

Shawarar da aka fi nanatawa ga matashi: ya fara ƙwarewa a gindin kwando, sannan ya riƙa ja da baya taku-taku, muddin hannunsa bai sauya salo ba. Kusurwa ta fi dacewa da farawa, domin layin ya fi kusa a nan.