Taƙaitawa: ƙwaƙwalwar mai koyon tiyata

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan yadda ƙwaƙwalwa ke aiki lokacin koyon tiyata, da yadda ya kamata a koyar da ita.

1. Kusan kowa ya yarda cewa sabon mai koyo yana ɗora nauyi kan gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, inda ake tsara aiki da tattara hankali. Da hannu ya saba, aikin wurin yakan ragu, sassan da ke sarrafa motsi su karɓa. Masu bincike a Imperial College da ke Landan sun auna haka lokacin ƙulla zaren ɗinki, da na'urar fNIRS, wadda ake sa wa mutum a kai tana bin sauyin oksijin a jinin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa aka ce kada a cika ɗalibi da tambayoyi yana tsakiyar ɗinki. Wannan ta fi taɓa ni.

2. Atisaye kaɗan-kaɗan cikin makonni ya fi na yini guda, kuma barci yana zaunar da abin da hannu ya koya.

3. A fara da akwatin gwaji (akwatin da ake atisayen tiyata a cikinsa) kafin a taɓa majiyyaci, musamman a tiyatar kyamara, wadda ake yi ta ƙananan huji ana kallon cikin jiki a allo.

4. Nan aka rabu: a riƙa jarraba likitoci da awon ƙwaƙwalwa? Masu goyon baya sun kawo binciken jami'ar Rensselaer ta Amurka na 2018, inda aka sa mutane atisayen yankan ƙyalle, awon kuma ya bambanta ƙwararru da sababbi fiye da makin jarrabawa da aka saba bayarwa. Wasu suka ce mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma yankan ƙyalle a ɗakin gwaji daban yake da majiyyaci mai zubar jini.