Tankar yaƙi a kan kwalta: shawarwarin da aka tattara

Da aka tattauna kan ɓarnar da tankokin yaƙi ke yi wa titi, mafi yawan masu magana sun yarda cewa nauyi kaɗai ba shi ne matsalar ba. Tankar Abrams ta Amurka ta haura tan 60, amma sarƙarta mai faɗi, wadda take tafiya a kai maimakon taya, tana raba nauyin, har ƙarfin da take danna ƙasa da shi bai kai na tayar tirela ba.

Ɓarnar tana wajen shan kwana. Idan tanka ta juya a wuri guda, sarƙar takan kankare fuskar kwalta, musamman da rana tsaka lokacin da zafi ya tausasa ta. Shi ya sa suka ce a sa sababbin robobi a sarƙa, a tafi a hankali, a fita da sassafe. A faretin sojoji da aka yi a Washington, babban birnin Amurka, ranar 14 ga Yuni 2025, faranten ƙarfe aka shimfiɗa a wuraren juyawa.

Gadoji da kwalbatoci kuwa su ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya, dole injiniyoyi su duba su tukuna. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci, domin rayuka ne a kai. Tafiya mai nisa kuma, a ɗora tankar a kan tirela.